Tsanin Alƙalanci Da Masu Riƙe Da Shi

Duk wanda ya taɓa kwana da sammaci a aljihunsa ya san alƙali ba ƙaramin mutum ba ne. Manomi daga Kiyawa ko Jahun, wanda a ke jayayya da shi a kan iyakar gona, in ya shigo Dutse ranar shari'a, hankalinsa duk yana kan mutum guda, watau wanda zai zauna bisa kujera ya ce gonar nan ta wane ce. Amma da za ka tsai da manomin nan a ƙofar kotu, ka tambaye shi wanda ya ɗora alƙalin a kan kujera, da abin da aka duba kafin a ɗora shi, da wuya ya ba ka amsa. Wannan kuwa ba laifinsa ba ne, gama al'amari ne da a kan ƙulla a manyan ofisoshi, sai an gama talaka ya ji a rediyo.

Nufina a nan in ɗauki aikin alƙali guda, tun daga farkonsa har ƙarshensa, in auna shi, sa'an nan in auna hanyar da a ke bi a naɗa alƙalan Tarayya. Wadda na zaɓa ita ce Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar. Dalilina biyu ne. Na fari, ta zauna a Babbar Kotun Jihar Kano daga 1977 zuwa 1987, lokacin nan kuwa ƙasar Dutse tana cikin Jihar Kano, gama ba a yanke Jigawa ba sai ran 27 ga Agusta, 1991. Na biyu, sa'ad da ta zama Babbar Jojin Nijeriya, daga hannun ɗan Jigawa ta karɓa, watau marigayi Mai Shari'a Dahiru Musdapher na Ɓaɓura. Ashe ke nan labarinta ba baƙo ba ne a gare mu.

Kafin mu shiga, ya kamata mu waiwaya kaɗan. A zamanin En'e, Sarki shi ke naɗa alƙalai, shi ke tuɓe su. Wanda alƙalin gunduma ya yi wa hukunci bai yarda ba, sai ya nufi birnin Kano ya kai kuka. A 1934 aka buɗe makarantar koyon shari'a a Kano don horad da alƙalai. A 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta gayyato waɗansu masanan shari'a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, shawararsu ce ta haifi sabuwar dokar laifuffuka da ta fara aiki a 1960. Bayan sojoji sun karɓi mulki, tsakanin 1967 da 1968, aka soke kotunan sarakuna, aka ɗauke kotunan alƙalai daga hannun En'e aka mai da su hannun gwamnati. Abin da aka ce a lokacin shi ne, bai kamata wanda ya ke mulkin mutum ya zama shi ke riƙe da wuyan alƙalinsa ba. Magana ce mai kyau. Tambayar da ta rage ita ce, da aka ɗauke igiyar daga hannun Sarki, hannun wa aka danƙa wa?

Ga yadda tsanin ya ke bisa ga Tsarin Mulki na 1999. A can ƙasa akwai majistare da alƙalin ƙaramar kotun shari'ar Musulunci. Waɗannan hukumar ma'aikatan shari'a ta jiha ita ke ɗaukarsu. Sama da su akwai jojin Babbar Kotu, ta jiha ko ta Tarayya, wanda tilas ya shekara 10 da zama lauya. Sai Kotun Ɗaukaka Ƙara, inda a ke neman shekara 12. Sai Kotun Ƙoli, inda a ke neman shekara 15, yawan jojinta kuwa ba ya wuce 21 ban da shugabansu. Jojin Babbar Kotun jiha Gwamna ke naɗa shi, na Tarayya kuwa Shugaban Ƙasa. Amma daga Gwamna har Shugaban Ƙasa ba mai ikon naɗa kowa sai wanda Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wadda a ke kira NJC, ta miƙo sunansa. In na Kotun Ƙoli ne, ko shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara, ko shugaban Babbar Kotun Tarayya, sai kuma Majalisar Dattawa ta amince tukuna.

To, wannan tsani Aloma Mukhtar ta hau, ba ta tsallake mataki ko ɗaya ba. An haife ta ran 20 ga Nuwamba, 1944. Ta yi karatun lauya a Ingila, ta gama a 1966, ta komo gida ta kama aiki a Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Arewa a 1967. Ita ce mace ta fari da ta zama lauya daga Arewa. Daga nan ta yi aikin majistare a tsohuwar Jihar Arewa Maso Gabas. A 1973 ta zama babbar magatakardar kotunan Jihar Kano, a 1977 ta zama joji. A 1987 aka kai ta Kotun Ɗaukaka Ƙara, inda ta shekara 18. A 2005 ta shiga Kotun Ƙoli, ran 16 ga Yuli, 2012 kuma Shugaba Goodluck Jonathan ya rantsad da ita Babbar Joji. A kotunan nan biyu na Tarayya, da kujerar shugabancin kanta, ba macen da ta riga ta. Daga ranar da ta kama aiki zuwa ranar da ta kai ƙololuwa shekara 45 ne.

Yabon gwani ya zama dole, amma yabo sai da hujja. Hujjata ta fari ita ce shari'ar zaɓen 2007. Janar Muhammadu Buhari ya kai ƙara yana neman a rushe zaɓen Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ran 12 ga Disamba, 2008, joji bakwai na Kotun Ƙoli suka yanke hukunci. Huɗu suka ce zaɓe ya tsaya, uku suka ce a rushe. Aloma Mukhtar tana cikin ukun nan, tare da George Oguntade da Walter Onnoghen. Abin da suka kafa hujja da shi kuwa mai sauƙin ganewa ne ko ga wanda bai karanta shari'a ba. Doka ta ce a buga wa takardun ƙuri'a lamba bi da bi, don a san inda kowace takarda ta fito da inda ta shiga, hukumar zaɓe kuwa ta raba takardu marasa lamba. Duk malamin da ya taɓa riƙe littafin rasiɗin haraji ya san abin da rasiɗi mara lamba ya ke nufi. Mai Shari'a Musdapher, wanda suka zauna tare a Babbar Kotun Kano, yana cikin huɗun da suka rinjaya, ra'ayinsu kuwa shi ne mai ƙara bai nuna cewa kuskuren ya sauya sakamako ba. Ba na zargin kowa a cikinsu. Abin da na ke nunawa shi ne, mace ’yar Arewa ta dubi Shugaban Ƙasa mai ci, ɗan Arewa, ta rubuta cewa zaɓensa bai inganta ba, alhali ta san wata rana sunanta zai bi ta teburin Shugaban Ƙasa. Wanda ya iya wannan ya cancanci a kira shi alƙali.

Hujja ta biyu ita ce horon alƙalai. Da ta je gaban Majalisar Dattawa a 2012, ba ta ɓoye ba cewa akwai ɓata-gari a cikin alƙalai, ta kuma yi alkawarin tsabtace gidan. A shekara biyu da wata huɗu da ta yi, Majalisar Shari'a ta sa an sallami joji da dama, an dakatad da waɗansu. Wanda jama'a suka fi tunawa shi ne na 2013, inda wani jami'i ya amsa laifin cin biliyoyin naira na fanshon ’yan sanda, wani jojin Abuja ya ba shi zaɓin biyan tarar naira 750,000. Majalisar ta dakatad da jojin shekara guda ba albashi. Har wa yau, a watan da za ta sauka, Nuwamba 2014, aka fito da sababbin ƙa'idodin naɗin joji, waɗanda suka ce in gurbi ya samu a yi shela masu so su nema.

Amma ba a rasa nono a ruga, ba a kuwa rasa tuntuɓe a doguwar tafiya. A Nuwamba 2012 aka tara sababbin jojin Kotun Ɗaukaka Ƙara don rantsarwa, sai Babbar Joji ta ƙi rantsad da guda, Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo. Matar nan haifaffiyar Jihar Anambra ce, ta auri mutumin Jihar Abia, ta yi shekaru tana aikin joji a Abia, Abia kuma ta miƙa sunanta. Sai aka kawo ƙorafi cewa ba ’yar asalin Abia ba ce, saboda haka ba za ta ci gurbin Abia ba. Sai da Majalisar Dattawa ta sa baki kana aka rantsad da ita kafin watan ya ƙare. Masu kāre Babbar Joji sun ce ƙa'idar rabon muƙamai tsakanin jihohi ta bi, alƙali kuwa ba ya sauya doka don tausayi. Na ji wannan, amma ban gamsu ba. Sunan matar ya riga ya bi ta Majalisar Shari'a, Shugaban Ƙasa ya sa hannu. In da gyara, a can baya ya kamata a yi shi, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya fi ba ni mamaki kuwa shi ne, wadda ta fi kowa sanin wuyar da mace ke sha a kan tsanin nan, ita ce ta tsai da ’yar'uwarta mace a bakin ƙofa. Mu a nan, yarinyar Birnin Kudu in aka kai ta aure Haɗeja, ta haifi ’ya'ya a can, ta tsufa a can, wa zai ce mata baƙuwa? Ƙa'idar da za ta hana mace gurbi a gidan ubanta don ta yi aure, ta hana ta a gidan mijinta don ba a can aka haife ta ba, ƙa'ida ce da ta ke bukatar gyara.

Wannan tuntuɓe shi ya kawo mu ga tsanin kansa, gama laifin tsari ya fi laifin mutum daɗewa. Aibi uku na gani a jikinsa.

Na fari, igiya ta taru a hannu guda. Majalisar Shari'a ta Ƙasa mutum 24 ne. Babban Joji shi ne shugabanta. A cikin sauran, shi ke zaɓen tsofaffin joji 5, da shugabannin kotunan jihohi 5, da shugaban kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci guda, da na kotun al'ada guda, da mutum 2 waɗanda ba lauyoyi ba, shi ne kuma ke naɗa lauyoyi 5 da ƙungiyarsu ta miƙo. In ka haɗa, 19 ke nan suka shigo ta hannunsa. Ban da wannan, hukumar ma'aikatan shari'a ta Tarayya, wadda ita ke fara tace sunaye ta aika wa Majalisar, shi ne dai shugabanta. Watau mutum ya rubuta takarda da hannun dama, ya zagaya ya karɓa da hannun hagu. Ba ni kaɗai na ga haka ba. Mai Shari'a Musa Dattijo Muhammad, ranar da ya ke ban kwana da Kotun Ƙoli a Oktoba 2023, ya yi kuka a fili da yawan ikon da aka tara wa kujerar nan. In mai kujerar adali ne, sai mu ce mun yi sa'a. Amma ba a gina ƙasa a kan sa'a. Mun ƙi a bar igiyar alƙali a hannun Sarki guda, don me za mu yarda a bar ta a hannun joji guda?

Sai bango ya tsage ƙadangare kan shiga. A 2020 Majalisar ta miƙa sunan mutum 33 don Babbar Kotun Abuja, lauyoyi da ’yan jarida suka yi ca, suna cewa da yawa daga ciki ’ya'ya ne ko dangin manyan joji, har Shugaba Buhari ya amince da 11 kaɗai a karon fari. Ɗan alƙali ba a hana shi alƙalanci, a ƙasar Hausa ma gidajen alƙalai sanannu ne, Mai Shari'a Muhammadu Bello na Katsina, ɗan Arewa na fari da ya zama Babban Jojin Nijeriya a 1987, daga gidan malaman shari'a ya fito, ba wanda ya taɓa cewa bai cancanta ba. Abin ƙi shi ne ɗan gida ya shiga ta taga, ɗan manomi yana tsaye a ƙofa da takardunsa. Haka kuma jojin nan da aka dakatar a 2013, an ɗaukaka shi zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2018. Mai yiwuwa ne ya gyara, horo kuwa ba don a kashe mutum a ke yinsa ba. Amma haƙƙin jama'a ne a shimfiɗa musu hujjar irin wannan naɗi a fili, don kada su ɗauka horon wasa ne.

Aibi na biyu shi ne bin layi. Al'ada ta zama wanda ya fi daɗewa a Kotun Ƙoli shi ke gadon kujera, ko da saura masa wata nawa ya cika shekara 70 ya sauka. Muhammadu Bello ya shekara 8 a kai, Muhammadu Lawal Uwais na Zariya ya yi daga 1995 zuwa 2006. Amma daga saukar Uwais zuwa Agusta 2024 an yi Babban Joji tara, Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun ita ce ta goma. Ɗan'uwanmu na Ɓaɓura ya hau a Agusta 2011, ya sauka a Yuli 2012, ko shekara bai cika ba. Ya kafa kwamitin gyaran harkar shari'a ƙarƙashin Uwais, ya kai wa Majalisar Ƙasa shawarwari, kafin a yi nisa lokacinsa ya ƙare. Wane manomi ne zai shuka dorawa a gonar da ya san baɗi ba tasa ba ce? Bin layi yana da amfaninsa, ban musa ba. Shi ya hana ’yan siyasa su tsallake wadda ta ce a rushe zaɓen 2007, su ɗauko mai daɗin baki. Saboda haka ba na cewa a yar da shi. Ina cewa a yanke wa kujerar shekarun da za su isa a yi aiki, a kuma tuna ba kullum aka rufe ƙofa ga na waje ba. A 1972 an ɗauko Taslim Elias, masanin shari'a, daga ofishin Babban Lauyan Gwamnati ya zama Babban Joji, a 1979 kuma aka kai Augustine Nnamani Kotun Ƙoli ta wannan hanya.

Aibi na uku shi ya fi shafarmu, watau mantawa da matakin ƙasa. Bello ya yi aikin majistare, Aloma Mukhtar ta yi, Ibrahim Tanko Muhammad na Bauci ya yi, Kekere-Ekun ta yi a Ikko. Kujerar majistare ita ce makarantar da manyan nan suka koyi sauraron talaka. Duk da haka, a fassarar Tsarin Mulki, majistare da alƙalin ƙaramar kotu ba sa cikin waɗanda a ke kira jami'an shari'a. Da aka ɗaga shekarun ritayar jojin Babbar Kotu zuwa 70 a 2023, ba su ciki. Da aka ninka albashin joji a 2024, ba su ciki, sai abin da jiharsu ta ga dama. Alhali mutumin Miga ko Buji ko Gwaram, in ɗan sanda ya kama shi, gaban waɗannan a ke fara kai shi. Su ke cewa a ba da belinsa ko a kai shi gidan kurkuku ajiya. Cikin mutum dubu da wuya ka sami guda wanda ƙararsa za ta kai Abuja. In aka bar alƙalin da talaka ke gani da ƙaramin albashi, ba gida, ba abin hawa, yana haya a gidan wanda gobe za a gurfanar gabansa, an sa shi cikin jarraba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda kuwa ya saba karɓar goro a ƙaramar kujera, ranar da ya hau babba ba goro zai karɓa ba.

Malamanmu sun karantad da mu tun muna makarantar allo cewa alƙalai kashi uku ne, kashi ɗaya ne kaɗai mai tsira, shi ne wanda ya san gaskiya ya yi hukunci da ita. Sun kuma gaya mana magabata sukan gudu in an neme su da alƙalanci, don tsoron nauyinsa. In haka ne nauyin wanda aka naɗa, ina ga wanda ya naɗa shi? Kowa ya ɗora jahili ko azzalumi a kan kujera don zumunta, yana da kaso a cikin kowane hukuncin zalunci da za a yanke a kanta.

Saboda haka ga abin da na ke gani. A rage yawan waɗanda Babban Joji ke zaɓa a Majalisar Shari'a, a raba shugabancin hukumomin nan biyu. A kyautata wa majistare da alƙalin ƙaramar kotu, a kuma riƙa duban hukuncin da mutum ya rubuta da hannunsa kafin a ɗaukaka shi, a ga nawa aka tabbatar, nawa aka rushe. A gyara ƙa'idar asali yadda za ta karɓi matar aure a inda ta yi aiki. A 2025 Majalisar ta fara buga sunayen waɗanda a ke shirin naɗawa don jama'a su faɗi abin da suka sani a kansu. Wannan mataki ne mai kyau, amma in an buga da Turanci kaɗai a intanet, bai iso kasuwar Shuwarin ba. A karanta sunayen da Hausa a gidan rediyon jiha, a manna su a ƙofar kotu.

Sauran aiki kuwa namu ne, mu da Allah ya ba ikon karatu da rubutu, ko da da girma muka koya. In an buga sunan wanda ka san adalcinsa, ka rubuta ka faɗa. In an buga sunan wanda ka ga ya karɓi hanci da idonka, ka rubuta ka faɗa, ka sa sunanka, kada kuwa ka yi ƙazafi don ya taɓa yanke maka hukuncin da ba ka so. Aloma Mukhtar ta sauka ran 20 ga Nuwamba, 2014, da sunanta mai kyau, ko da ya ke ta yi tuntuɓe. Yau akwai yara maza da mata a makarantun Dutse da Birnin Kudu waɗanda za su iya hawan tsanin da ta hau, in masu riƙe da shi sun riƙe da gaskiya. Allah ya ba mu alƙalai masu tsoronsa, ya ba masu naɗa su ikon duban cancanta, amin.